Koriyar Tasar Baƙi

Yangkyi ta tsufa tana zubar da aman mutane. Masaukin baƙi gare ta a Litang, wani gari can saman duwatsu inda iska ba ta isar baƙo, kuma baƙin nan halinsu ɗaya ne. Su taso daga gangare da safe, la'asar ta yi musu a saman duwatsu, su kora da giyar sha'ir, sai ciwon kai da haraswa. In ta ce su huta tukuna, su ce ba lokaci. Har tasa ta ware musu, wata koriya mai lanƙwasasshen baki, wadda ba ta bari ta kusanci kwanukan gidanta. In za ta ɗauke ta, sai ta toshe hanci ta kau da kai.

"Masu huhun kaji," haka take kiransu a bayan ido.

Bana sai ga ɗanta Gyurme, bayan shekaru yana tuƙin tasi can ƙasa a Chengdu. Bikin dutse ya kawo shi, ranar da kowane gida ke tura namiji ya hau ƙololuwa ya kafa doguwar kibiyar gidansu. Ubansa ya rasu, hawan ya zama nasa. Jiya ya iso, yau za a hau.

Da hantsi ta ga leɓunansa sun yi shuɗi. Ya ture shayin man shanu, yana wani tari mai kumfa, daga ɗaki zuwa ƙofa ma haki yake.

"Mura ce kawai, Ama," ya ce wa uwar.

"Murar ƙaniyarka. Iskar nan ce ta yi maka kaɗan, sai an sauka da kai gangare."

Ƙanen mijinta, Wangdu, ya yi dariya. "Matar yaya, a ɗakin nan fa aka yanke masa cibiya. Wannan ciwon baƙi ne. So kike a ce gidan yayana ba namiji? Kai, kurɓi giya ka miƙe."

Takaici ya tokare ta. Ƙatti da furfurarsu, sun gwammace su sauko mata da gawa da a yi musu dariya. Ta fizge kibiyar ta danƙa wa Wangdu.

"Ga ta, namiji. Hau."

Ta tare wata motar kaya mai gangarawa, ta tura ɗanta ciki a gaban kowa.

"Kin gama da ni a garin nan, Ama."

Ta koma cikin gida ta fito da koriyar tasa, ta shiga motar ta zauna kusa da shi. Ya dubi tasar, ya san ta su wa ce. Ba su yi nisa ba ya sunkuya a kanta. Yangkyi ta tallafe masa goshi, ba ta kau da kai ba.