Shekarar da Ɗana Ya Ce A'a

An yi wa ɗana kaciya yana da shekara takwas, a wani asibiti a Greensboro, can ƙasar waje inda muke zaune. Ba wanda ya danne shi. Shi ya ce a yi.

Ni na jawo abin ya kai haka. Kwana ɗaya da haihuwarsa wata nas ta zo da takarda in sa hannu. Ban yi boko ba. Turancina na siton da nake dako a ciki ne: ɗauki, ajiye, yi sauri. Ta yi ta bayani, ta nuna jaririn, ta yi almakashi da yatsu biyu. Na gane. Na ce a'a. A garinmu ba a yi wa jinjiri kaciya. Sai ya shekara bakwai, lokacin sanyi, a tara shi da sa'o'insa a kira wanzami. Na ɗauka ko'ina haka ne.

Ranar suna Alhaji ya ji labari. Shi ne babbanmu a garin, shi ya tarbi yawancinmu da muka zo.

Ya ce, "Kai, ka yi wauta. A nan tun a asibiti ake yi, a wuce wurin."

Na ce akwai lokaci.

Tawa kaciyar ban manta ba. Mutum huɗu suka riƙe ni a bakin rami. Jini ya ƙi tsayawa. Kwana tara ina zazzaɓi, har uwata ta cire rai. Na tashi. Bayan nan na ƙetare hamada a bayan babbar mota, na kwana a tasha wata da watanni. Duk sun wuce. Abin da bai wuce ba shi ne hannuwan nan. Askar ma ba ta dame ni kamar su ba.

Da yaron ya cika bakwai na kai shi wurin likita. Na tafi da Malam, wani ɗan ƙasarmu da ke karatu a jami'a, ya yi mini tafinta. Likitar dattijuwa ce baƙar fata. Ta ce yanzu aiki ne sosai, sai an sa shi barci, kuma in muka sa hannu za ta yi. Sai ta juya ta tambayi yaron ko ya san abin da ya kawo shi.

Bai sani ba. Ɗan fari ne. Ko sunansa ba na faɗa, balle in zaunar da shi in yi masa irin wannan magana.

Ta gaya masa. Ya ce a'a. Wannan ba sai an fassara mini ba. Na dubi hannunsa, ya ƙanƙame kujera. Na ce, "Malam, tashi mu tafi."

Ranar Juma'a bayan an sallame maganar ta tashi a wurin ajiye motoci.

Alhaji ya ce, "Yaro ya ce a'a, sai ka ce to? Gobe in ya ce ba zai yi salla ba fa? Ba ni shi. Akwai wanzami ɗan Gana a New York. Mu tafi Asabar, mu dawo Lahadi."

Malam ya ce, "Alhaji, a bi a hankali. Akwai masu neman a hana yi wa jarirai gaba ɗaya. Sun ce jikin yaro nasa ne, a bari ya girma ya zaɓa. Ni kuma ban ce duk maganarsu banza ce ba."

"Kai da aka turo karatun noma? Wa ya nemi izininka kafin a yi maka? Ga ka nan da digiri biyu, me ya same ka?"

"Ai shi ne, Alhaji. Ba a nema ba."

"Ka ji shi! Gobe sai ya kai wanzamin garinsu kotu."

Aka yi dariya. Alhaji ya juyo kaina. "To kai uban yaro, me ka ce?"

Na ce, "Za a yi. Ba za a danne shi ba."

"Ta yaya?"

"Ban sani ba."

Daga ranar Alhaji ya sa mini suna baban Bature. Yayana ya aiko kaset daga gida, rabin kaset ɗin faɗa ne, wai in turo yaron su yi abin da na kasa. Matata ta kashe rediyon ta ce, "Maigida, ka yi masa magana mana. Ni mace ce, me zan ce masa?"

Wata biyu ina juya abin. Ran nan da hantsi na ɗauke shi a mota za mu sayo shinkafa a titin Wendover. Hanyar cike da motoci, dole ido ya tsaya a gaba. Shi ya sa na iya. Na ba shi labarin ramin, da mutum huɗun, da jinin. Ban rage kome ba. Ina yi da Hausa, yana amsawa da Turanci.

Ya ce, "Da zafi?"

"Da zafi."

"Kai ka yarda?"

"Ba a tambaye ni ba."

"In na ƙi fa?"

Na ce, "Sai ka ƙi. Addininmu ne, ina so ka yi. Amma hannuna ba zai riƙe ka ba, na wani ma ba zai riƙe ka ba."

Na ƙara masa da cewa da sanyi ake yi, kuma in an gama ana dafa wa kowane yaro kaza shi kaɗai, ko ubansa ba ya sa hannu. Nan ne kawai ya yi dariya.

Ban sake tayar da maganar ba. Zafi ya zo ya wuce. Daga baya na ji ya sa uwarsa ta mayar da shi wurin likitar, da tambayoyinsa a rubuce a takardar makaranta. Ban tambayi abin da ya rubuta ba. Kowace Juma'a Alhaji sai ya ce, "Baban Bature, yaya maigidanka? Ya ba da izini?" In ce da sauƙi. Wasu sun daina gaishe ni da kyau. Na sha abin da ya fi wannan.

Da aka yi hutun ƙarshen shekara, wata safiya ina kankare ƙanƙara daga gilashin mota zan tafi aiki, sai ga shi ya fito cikin rigar sanyin uwarsa. Ya yi magana da Hausa, abin da ba ya yi sai da dalili.

"Baba, sanyi ya zo."

"Na gani."

"Ka ce da sanyi ake yi."

Na daina kankarewa. Ya kawo sharaɗi uku. A sa shi barci. In ya farka ya gan ni. Da kaza.

Na ce ya koma ciki. Washegari na sake tambayarsa, jibi ma haka. Amsar ba ta canja ba.

Ranar da za a yi, da ƙafarsa ya shiga. Na sa hannuwana a aljihu, ban fitar ba sai da za a sa hannu a takarda. Likitar ta tambaye shi, ya ce e. Ko awa ɗaya ba a yi ba. Da ya buɗe ido ya gan ni, abin da ya fara cewa shi ne, "Ina kazata?"

Alhaji ne ya kawo ta. Ya je wata gona bayan gari ya yanka da hannunsa. Ya shigo yana cewa, "Ina jarumin?" Ya zauna ya ga yaron ya cinye cinya biyu, ya hana kowa taɓawa. Da zai fita ya ce, "Da ka bi tawa, da tun bara an gama." Bai sake kirana baban Bature ba.

Malam ya ja ni gefe. Ya ce, "Ka san yardar ɗan shekara takwas ba cikakkiya ba ce. Yana so ya faranta maka."

Na ce, "Wataƙila. Amma ƙin da ya yi ya tsaya shekara guda, ba wanda ya taɓa shi."

Ya koma wurin yaron.

Maganar hanawa, ni ban yarda hukuma ta shiga tsakanin mutum da addininsa ba. Ban kuma yarda mutum huɗu su hau kan yaro ba. Na jariri kuwa ban san amsarsa ba. Ranar da na ce wa nas a'a, rashin sani ne, ba hikima ba. Abin da na sani, na ce za a yi kuma an yi, na ce ba za a danne shi ba kuma ba a danne shi ba.

Yanzu yaron ya zama magidanci, yana da ɗa namiji. Abin da ya yanke a kan kaciyar ɗan nasa ban tambaya ba. Ni na bar aikin sito, bayana ya ƙi. Ina nan gabashin Greensboro, a gidan da na kankare gilashin motar nan a ƙofarsa.