Maharazu da Fakarar Hatta

Ka taɓa zama kusa da ɗan garinku ka yi shiru, shi ma ya yi shiru, alhali ba faɗa kuka yi ba? Kafin in san Malam Maharazu, da ka tambaye ni cewa zan yi abin ba ya yiwuwa.

Malam Maharazu mutumin Ringim ne, tela, shi ne mai yanka a wani shagon ɗinki a unguwar Satwa, a nan birnin Larabawa da muke ci-rani. Ni harkar kago, wato aika kaya gida, nake yi a unguwar Abu Hail, a wurinsa nake ɗinka kaftani, nan muka saba. Mutum ne wanda almakashinsa ya fi shi surutu. In ya gwada ka, ba ya ce maka ka yi ƙiba, sai dai ya dubi tef ɗin ya ce, “To, madalla.”

Wata rana na tarar ya jingina waya a jikin keken ɗinki yana murmushi shi kaɗai. Wani wasan barkwanci ne na Turawan Ingila: tsofaffi uku a rumfar katako bakin tafki, suna jiran tsuntsu suna shan shayi. Na ja kujera na kalla har ƙarshe, ina lissafi. Ba wanda ya faɗi, ba wanda aka mara, ba wanda aka biyo da gudu. Can ɗayansu ya ce, “Ina jin agwagwa ce.” Aka yi shiru mai tsawo, sai na biyun ya ce, “Leda ce.” Na waiwaya, Maharazu ya dafe ciki yana share hawaye.

Na ce, “Malam, ina abin dariyar?”

Ya ce, “Ai ya wuce ka.”

“To in sun ga tsuntsun, kamawa suke yi?”

“Gani kawai.”

“Sai kuma me?”

“Sai su tafi gida.”

Ashe abin ya shige shi. Ya sayi madubin hangen nesa na hannu, ya fara zuwa Hatta, wani gari a cikin duwatsu a bakin iyakar Oman, duk ranar Lahadi, ranar hutunsa guda ɗaya tak. Wai akwai wata ƙaramar fakara a duwatsun can, launinta launin dutse. Rabonsa da ganin fakara tun yana bin mahaifinsa gona. A Hatta ya sha jin kukanta, amma ido bai taɓa faɗa mata ba.

Shi ba shi da mota, ni ina da ita, sai na zama direba. Da na ga mako yana bin mako ba sakamako, na yi abin da duk mai hankali zai yi: in ido biyu sun kasa, a ƙaro idanu. Na baza labari bayan sallar Juma’a, muka zama mu bakwai, ido goma sha huɗu.

Abin da ban saka a lissafi ba shi ne gaisuwa. Mutum bakwai in kowa zai gaisa da kowa, musafaha ashirin da ɗaya ce, kowacce da ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa, ya muka ji da zafi. Kafin a gama, ko ƙadangare ya bar dutsen.

Maharazu ya kafa doka cikin ladabi: a gama gaisuwa a wurin ajiye mota, in an hau dutse kowa ya ja bakinsa. Doka ta yi kyau, sai dai akwai Alhaji Badaru, mai safarar tayil zuwa Kano, wanda bai taɓa zuwa a kan lokaci ba. Sai mun lafe a bayan dutse, ka ji shi yana hawowa yana haki: “Salamu alaikum.” Amsa sallama kuwa ba a barin ta. Da aka roƙe shi ya riƙa yi a hankali, ya yarda, amma raɗar Alhaji Badaru ana jin ta a Oman. Ranar da bai yi latti sosai ba, atishawa ya yi, ya yi hamdala, mu shida muka yi masa addu’a, ya mayar mana ɗaya bayan ɗaya.

A gida kuma Ramlat, matar Maharazu, haƙurinta ya ƙare. Na je ɗaukar ɗinki a gidansu na ji da kunnena.

Ta ce, “Abban Bilqis, fakarar nan bizarta ce ta ƙare aka mayar da ita gida?”

Ya ce, “Tana nan, Ramlat. Ana jin ta.”

“Ni ma ana ji na, ba a gani na. Wannan Lahadin da ni za a je. In na gan ta, shi ke nan. In ban gan ta ba, halas, magana ta ƙare, Lahadi ta dawo gida, madubin nan kuma ya shiga akwati.”

Bai yi musu ba. Ya goge madubin da ƙyallen shadda ya rataye.

Ranar Lahadi tun daga Satwa har Hatta Ramlat ba ta ce kanzil ba. Da muka isa ta dubi dutsen, ta dubi takalminta, ta shimfiɗa darduma a inuwar wata bishiyar ƙaya nesa kaɗan da motoci, ta juya mana baya, ta buɗe ƙullin gyaɗa. Fushi take yi, fushi na gaske.

Mu muka hau. Na raba kowa da kusurwarsa, na kashe wayoyi da hannuna. Muka lafe har duwawu ya mutu. Sai ga Alhaji Badaru, ya yi sallama, muka amsa, ya bi mu ɗaya ɗaya yana ba da haƙurin latti. Rana ta ɗaga. Maharazu ya sauke madubin daga wuyansa, ya naɗe igiyar a hankali, ya ce, “Yalla, mu sauka.” Ban taɓa jin muryarsa ta yi sanyi haka ba.

Muna dosar bishiyar, Ramlat ta ɗaga hannu ɗaya ba tare da ta waiwayo ba. Muka tsaya cak. Alhaji Badaru ya buɗe baki, “Hajiya, ina…” Ta juyo da kai kaɗan ta watsa masa harara, gaisuwar ta maƙale masa a wuya. A gaban dardumarta ga fakaru biyar suna tsattsagar ɓawon gyaɗa, ƙanana, kamar duwatsu masu ƙafa. Maharazu bai ko ɗaga madubi ba, sun yi kusa da yawa. Yana tsaye yana murmushin nan na gaban keken ɗinki. Yawan lokacin da muka ɗauka a haka ban sani ba, na manta ban duba agogo ba.

Alhaji Badaru ne ya kasa daurewa. Ya ce, “Hajiya, mun same ku lafiya?”

Firrr, suka tashi.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Can Ramlat ta ce, “Tun da kuka hau suke nan.”

Maharazu ya ce, “To, madalla.”

“Akwai wata mai ɗingishi. Lahadi mai zuwa zan zo mata da gero.”

Haka Lahadi ta tsira, madubi bai shiga akwati ba, sai dai yanzu a wuyan Ramlat yake. Ta kuma yanke hukuncin da mu bakwai muka kasa: duk mai gaisuwa ya yi ta tun ranar Asabar. Yanzu bayan la’asar ɗin kowace Asabar Alhaji Badaru yana kiran mu ɗaya bayan ɗaya, ya gaishe mu gaisuwar gobe.

Don Allah kai ma ka jarraba. Ka nemi ɗan garinku, ku gama gaisawa tun a gida, ku sami inuwa ku zauna, kowa ya ja bakinsa. Kada ka manta da gyaɗa.