Malam Iro, Wanda Ya Wanke Baraka

Da hantsi Malam Iro nas ke jingine kekensa a bakin ɗakin masu ciwon karkarwa. Sai ya gaisa da kowa, har gida da yara da gajiya, sannan ya ce 'yan rakiya su ɗan ba su wuri. Ya ja kujera, ya rage murya: "Alhaji, tsakaninka da iyali fa, lafiya?" Kaf asibitin ba mai yin wannan tambaya sai shi. Watan nan zai aje aiki, ko ruwan leda ba a ce za a sha don shi ba.

Ga abin da aka gani. Kabiru tela na Ƙofar Kaura, hannu ya fara rawa, tafiya ta koma jan ƙafa, daga baya gabansa ya daina tashi. Danginsa suka ce matarsa Baraka ce ta ɗaure shi. Aka daina cin tuwonta. Yayarsa Indo ta ce ko ta kwance shi, ko ta bar gidan. Shi kuwa ya sayo maganin maza wurin masu lasifika, ya sha, yana miƙewa ya zube a bakin rijiya.

Da aka kawo shi asibiti, Malam Iro ya yi masa tambayar nan, ya auna jininsa a kwance, ya sake aunawa a tsaye, jini ya yi ƙasa. Ya nemi izinin Kabiru, aka kira Baraka da Indo tare, ya dubi Indo.

"Hajiya, ciwon da ke kaɗa hannun nan, shi ya taɓa jijiyar can. Ba hannun kowa."

"To ni na ce da hannun wani?" in ji Indo.

"Kin ce, Yaya," in ji Kabiru, kansa a ƙasa.

Likita ya hana shi ƙwayar ƙarfin maza saboda jinin. Ya ce akwai allura, akwai na'urar jawo jini, su shawarta shi da Baraka. Abin da suka zaɓa, ba ruwan kowa.

Malam Iro, kai ne mai rufin asirin maza. Kai ka wanke Baraka, ba ka kunyata mijinta ba. Allah Ya biya ka, Ya ba ka hutu da lafiya. Ku da za ku hau kujerarsa, ku yi tambayar nan, kunya ba ta warkar da kowa.

Indo ta koma cin tuwon, har da ƙari. Amma har yau ba ta ce a yi haƙuri ba. Ni na haifi Baraka, kuma ina nan ina jira.