Shirin Tafiyar Baba Manu

A layinmu na Sabon Garin Gusau ba ma bukatar kalanda kafin mu san sanyi ya ƙarato. Ranar da ka ga Baba Manu ya fito da tsohon buhunsa ya zazzage a gindin darbejiyar ƙofar gidan 'yarsa Rabi, to ka je ka nemo rigar sanyinka. Shagon ɗinkina yana kallon bishiyar, don haka ni ne ɗan kallonsa na farko, ni ne kuma mai tsokanarsa.

Bafulatanin Bungudu ne, dogo, marar son hayaniya. A zamanin da yake da shanu, da an gama girbi ciyawa ta fara bushewa, sai ya kaɗa garkensa ya biyo ta Wanke, ya tarar da amininsa Rabi'u yana jiransa a bayan garin Tsafe da nasa garken. Daga nan sai su nufi kudu a ƙafa, sanyi na dukansu, ba su juyowa sai sun ji ƙamshin ruwan fari. In yana ba ni labarin wannan tafiya har muryarsa canzawa take. Yana tuna kowace tsamiya da suka huta a ƙarƙashinta, da matar da ta taɓa ba su ɗumamen tuwo a wani ƙauye da ko sunansa ban iya riƙewa ba.

Abin da ya raba shi da sauran makiyaya shi ne ba ya kwana a ƙasa. Tun yana saurayi kunama ta harbe shi a bayan kunne, sai ya tufka igiyar rama ya saƙa raga mai tsawon mutum, wadda yake ɗaurewa tsakanin bishiya biyu ya kwanta a ciki. Rabi'u ya raɗa masa suna Jemage. Shi kaɗai yake da ikon kiransa haka. Na taɓa gwadawa sau ɗaya, sai da na haɗa da goro kafin ya sake amsa gaisuwata.

Shirin kayan kuwa aiki ne na natsuwa. Zai bi ragar ƙulli bayan ƙulli da yatsa, ya ja, ya saurara. Sai bargo, wanda ni nake yi wa faci har facin ya fi asalin yawa. Sai gora, da malfa, da takalmin taya, da jakar gumba. Amma uban kayan shi ne buzun rago, wanda yake shafa wa man kaɗanya ya shanya a inuwa, don rana tana fasa fata. Na taɓa tambayarsa amfanin buzu ga mai bargo.

"Malam tela, wanda yar rataya bisa, ba ta sama sanyi ka kama shi ba," in ji shi. "Ta ƙasa shike shigowa, ta baya. In ba buzu, ko bargo goma kal lulluɓa, gari na wayewa ka zan ice."

Shanun sun daɗe da tafiya. 'Yan bindiga suka kore su a shekarun da daji ya lalace, kuma ba ya son a tayar da maganar. Rabi'u ya tsira da 'yan kaɗan, ya gangara da su wajen Kachia ya zauna can. Shi kuwa Manu ya dawo gidan 'yarsa. Duk da haka kowace shekara sai ya yi shirin nan tsaf, ya ƙulle buhun, ya mayar ɗaki ya rataye. Ina yi masa dariya, amma gaskiya tausayi yake ba ni.

Bara, da sanyi ya fara, Sabiru ɗan Rabi'u ya kira Rabi a waya. Ya ce tsohon yana kwance, jiki ya yi nauyi, kuma ba ya kiran kowa sai Jemage. Rabi ta ce gobe da safe mijinta zai sa Baba Manu a mota. Manu ya ce shi a ƙafa zai je. Aka yi ta kai ruwa rana, har ta yi masa kuka, kafin ya yarda da motar. Amma ya kafe a kan abu ɗaya: ba zai je wa Rabi'u hannu na dukan cinya kamar baƙon birni ba. Da kayansa zai je, a shirye, in Rabi'u ya ji sauƙi su kwana a gefen shanu kamar da.

Da ya zazzage buhun sai ya tarar ɓera ya cinye gefen ragar. Ga igiyar roba a kasuwa birjik, ya ce tana zamewa. Sai rama, ramar ma ta garin Mada, sai an jira ranar kasuwa. Aka kawo, ya jiƙa, ya tsefe, ya zauna yana tufka a cinyarsa. Buzun ma bai gama shan mai ba. Rabi ta fito ta koma, ta fito ta koma. Ni ma raina ya ɓaci, na tsallaka titi na same shi.

"Baba, mara lafiya ake magana, ba kasuwa ba. Ka tafi, in ka dawo ka ƙarasa."

Ko ɗago kai bai yi ba. "Rabi'u bai taɓa tahiya ya bar ni ba. Ko na makara, nan nika iske shi bayan Tsahe, zaune bisa dutse, shina zagina."

Ranar da ya gama, ya ɗaure ragar tsakanin darbejiya da ƙarfen rumfar ƙofar gidan, ya shimfiɗa buzun, ya haye ya miƙe. Ta ɗauke shi ko ƙara ba ta yi ba. Ban taɓa ganin farin ciki a fuskarsa irin na ranar ba. Yana nan kwance bayan azahar Rabi ta fito da waya a hannu, ta tsaya a kansa tana share hawaye. Ya dube ta, ya sauko a hankali, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Washegari surukinsa ya raka shi tasha suka tafi gaisuwa, bai ɗauki komai ba sai carbinsa. Bayan sadakar uku ya dawo, ya shigo shagona ya zauna a benci. Na yi masa ta'aziyya, ya amsa yana kallon keken ɗinki.

"Malam tela," ya ce, "da hantsi munka tashi Gusau. Kahin magariba ina tsaye gaban kabarinai." Ya share ido da bakin rawaninsa. "Ashe kusa shike."