Sulaimanu, Sankiran Hausawan Bahiya

Sulaimanu ɗan sankira ne, jikan sankira, daga ƙasar Gobir. Yaƙi ya ci garinsu yana saurayi, aka sauke shi Bahiya ta ƙasar Birazil a ɗaure. Ya daɗe yana ɗaukar Turawa a kujerar kafaɗa daga bakin teku zuwa tudun Pelourinho kafin ya fanshi kansa. Na san shi tun ina ƙaramin akawu a shagon taba.

A ƙarƙashin kujerar nan ya koyi Fotugis, don manya ba sa rage murya a gaban mai ɗauke da su. Da ya samu kansa sai ya koma sana'ar ubansa. Da hantsi yakan tsaya ƙarƙashin tagar majalisar gari yana saurare, da la'asar ya bi kusurwoyin da 'yan dako ke zama yana shela da Hausa: an canja gwamna, an ƙara haraji, wane ya zagi wane. Rubutun ajami ya zama laifi tun bayan tawayen Musulmi, saboda haka tarihin gwamnonin da ya tsara, a waƙe ya yi shi, a ka ya riƙe shi.

A shekarar 1857 shi ya fara sanar da 'yan dako cewa za a rataya wa kowannensu ƙarfe mai lamba a wuya. Suka ajiye aiki, gari ya tsaya, 'yan sanda suka kama shi. Aka ce ya zaɓa, ko kurkuku ko ya zama mai shelarsu. Ya zaɓi shela. Daga nan, bayan labarin majalisa, sai ya riƙa cigiyar bayin da suka gudu.

Akwai wata Bagobira, Uwani, wadda jirgi ɗaya ya kawo su, Yaya take ce masa. Baiwa ce a wani gida a unguwar Vitória. Ta gudu, ta ɓuya cikin masunta a Itapagipe tana soya ƙosai da wani suna. Da aka ba Sulaimanu cigiyarta, abin da aka ce ya faɗa kaɗan ne: baƙar mace mai tsage a fuska. Rabin matan garin ke nan. Da ya tsaya nan, ba mai gane ta.

Amma a gidansu abin kunya ne sankira ya ambaci mutum tsirara, ba kirari, kamar ana cigiyar akuya. Ya kuma ɗauka duk mai jin Hausa ɗan'uwa ne, zai kai mata gargaɗi. Ya tsaya a bakin kasuwa ya buɗe murya: "Ina Uwani 'yar Gobir, mai tsage shida da bakwai, mai wushirya, wadda ƙosanta ke tsayar da mai tafiya! Ana nemanki, a gaya mata ana nemanta!"

Zubairu yana zaune a wurin. Bahaushe ne da ya fanshi kansa, yana cin abinci da kamo bayi. Ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Sankira, Allah ya ƙara wa bakin nan albarka," in ji shi. "Yau ka rage mini tafiya."

"Zubairu, ka ji tsoron Allah. 'Yar'uwarka ce."

"Ni ban ce ƙosai ba, Malam. Kai ka ce."

Kafin mako ya zagayo an kamo ta. Aka yi mata bulala a kurkuku, uwargijiyarta ta sayar da ita ga masu kai bayi gonakin kofi na kudu. Ranar da za a sa ta a jirgi aka kawo Sulaimanu bakin teku, ya yi shelar an same ta, don sauran bayi su ji. Tana cikin layi, zanenta ya manne da bayanta.

"Yaya," ta ce, "an ce ka yi mini kirari."

Ta ƙara da cewa:

"Ko a gida ba a taɓa yi mini ba. Da ka yi mini cigiyar akuya kawai."

Ɗan sanda ya zungure shi da sanda, ya yi shelar. Muryarsa ta kai har rumbunan sukari.

Ya ci gaba da aikin har muryar ta dushe. In ya doso kusurwa, 'yan dako sukan juya hirarsu zuwa Yarbanci har ya wuce. Ya rasu kafin a soke bauta. Na tambayi matuƙan jiragen kudu da dama labarin Uwani, babu wanda ya san ta.