Hob ɗin da Abdulbaƙi ya sayo a Nguru

Abdulbaƙi mai walda haifaffen Gashuwa ne, ɗan bakin kogi. Mahaifinsa masunci ne, amma shi tun yana ƙarami ba ya jure ƙarnin kifi, sai aka kai shi koyon walda kusa da tasha. Ya iya ƙofa da taga, ya iya gyaran amalanke da garmar shanu. Siriri ne, marar yawan magana, idanunsa kullum jajur saboda wutar aiki. Abu ɗaya ne ke buɗe masa baki, wato keke.

Ya haura talatin lokacin da ya ga wasu samari a waya suna wasa da ƙananan kekuna masu gajeren jiki, irin waɗanda ake ce wa BMX. Suna ɗaga ƙafar gaba, suna juyi a iska, wani har ya tsaya a kan ƙarafan da ke fitowa daga gefen ƙafar baya. Ya kalla har cajin wayar ya ƙare. Daga nan ya shiga tara guntayen bututu. Jikin keken shi ya yanka ya haɗa da hannunsa. Kai da sirdi da feda ya tsinto a wajen masu faci. Yayarsa Rahima, wadda yake zaune a gidanta tun rasuwar mahaifiyarsu, ta ce, "Gemu na fitowa, kai kana komawa yaro." Ya yi murmushi kawai.

Abin da ya tsayar da aikin shi ne hob na baya, ƙarfen nan na tsakiyar ƙafa wanda wayoyin ƙafar ke kamawa, sarƙa kuma ke ja. Na keken gari ba ya jure tsalle. Ya gwada biyu, duk sandar tsakiyarsu ta lanƙwashe. Ya tambayi masu saro kaya daga Kano, suka faɗi farashin da ya sa ya haƙura ya koma shagonsa. Da ya sake tambaya bayan damina, sai ya tarar abin ya ƙara hawa. Wani mai faci ya ce masa ya je Nguru wajen Babagana, dattijon da ke sayar da tsofaffin kayan keke a bayan kasuwa.

Ya shiga mota ranar kasuwa, suka ratsa Jajimaji, ya isa da hantsi. Ya tarar da Babagana zaune a kan buhu, tsakanin tulin sarƙoƙi da rim masu tsatsa. Bayan gaisuwa ya yi bayanin abin da yake nema. Dattijon ya dube shi ya daɗe, sannan ya miƙa hannu can ƙarƙashin tebur ya jawo ƙullin tsumma.

Hob ne baƙi, mai kaurin sanda, ko ɗigon tsatsa babu. Da Abdulbaƙi ya karɓa sai ya ji sanyinsa ya ratsa tafinsa, alhali rana ta riga ta gasa kwanon rumfar. Ya murza shi, ya yi ƙara siririya, ƙis-ƙis-ƙis.

"Baba, nawa?"

"Ba ni abin da ya sawwaƙa."

"A'a Baba, wannan ai kayan waje ne. Faɗi dai."

"Na ce abin da ya sawwaƙa. Amma in ka tafi da shi, ka tafi da shi ke nan. Ba na karɓar kayan da aka dawo da su."

Abdulbaƙi ya ɗauka irin maganar 'yan kasuwa ce. Ya biya, ya dawo gida yana jin kamar ya tsinci dami a kala.

Ya ɗaure wayoyin ƙafar, ya daidaita ta, ya kifa keken ya murza. Ƙafar ta yi ta juyawa. Ya je ya yi alwala, ya yi sallar la'asar, ya dawo ya same ta tana juyi a hankali, tana ƙis-ƙis ɗinta. Ya ce a ransa, aikin masu aiki ke nan. Ya sa mata hannu ta tsaya.

Washegari ya ga ƙasa ta jiƙe a ƙarƙashin ƙafar baya, jiƙa kamar faɗin faifai. Ya share. Kashegari ma haka. Ya kwance hob ɗin don ya ga ko ruwa ne ya maƙale a ciki, ya tarar giris ɗinsa fes, babu laima, sai wani wari na laka da ruɓaɓɓen kacalla, ciyawar nan da ta cinye fadamun yankin. Ya mayar ya ɗaure.

Keken ya yi daɗin hawa. Abdulbaƙi yakan fita filin makaranta da tsakar rana, lokacin da kowa ya gudu inuwa, don kada a yi masa dariya in ya faɗi. A nan ya fara jin abin. Yana cikin tafiya sai bayan keken ya ɗan nutse, kamar an taka ƙarafan baya. Nauyin ba shi da yawa. Daga nan sai ya ji an dafa kafaɗunsa biyu, dafawa mai sanyi, ta ƙananan hannuwa. In ya waiga, ba kowa, sai filin da ke rawa saboda zafi. Ya yi a'uziyya, ya ce rana ce ta taɓa masa kai.

Ranar wata Juma'a ya shigo gida yana tura keken, Rahima tana tankaɗe a tsakar gida. Ba ta ɗago ba ta ce, "'Yar wa ka goyo ɗazu?"

"Wace 'ya, Yaya?"

"Na hango ka daga bakin famfo. Yarinya tsaye a bayanka, da jan ɗankwali. Ka daina ɗaukar 'ya'yan mutane a wannan abin, za ka karya su."

Bai ci abinci ba ranar. Da gari ya waye ya ɗora keken a mota ya koma Nguru. Babagana yana hango shi ya ɗaga hannu.

"Na gaya maka ba na karɓa."

"Ban zo mayarwa ba, Baba. Daga ina ya fito?"

Dattijon ya tofar da goro. Ya ce wani makiyayi ne, Jumare, ya kawo masa. Shanunsa suka tono shi a fadamar Dagona bayan ruwa ya janye, sauran keken duk ya ruɓe, shi kaɗai ya rage. "Tun da ya shigo rumfar nan, kullum tabarmata a jiƙe. Iyakar abin da na sani ke nan."

A hanyar komawa, Abdulbaƙi ya sauka daga mota a mararraba, ya hau keken ya bi hanyar Dagona tsakanin gonakin shinkafa. Tun daga can nauyin ya hau, bai kuma sauka ba. Hannuwan suna kafaɗarsa, kuma in hanya ta rabu sai ya ji ɗaya ya ɗan matsa shi. Ya daina tambayar kowa, ya bi inda aka matsa. Ya ratsa garin, ya daina taka feda, keken na gangarawa da ƙis-ƙis ɗinsa, har bakin wani gida mai dangar zana.

Wata tsohuwa ta fito tana laluben danga, idanunta sun yi fari. "Alamin?" ta ce. "Alamin, kai ne?"

Ya sauka ya kwantar da keken. "Hajja, ba shi ba ne. Baƙo ne daga Gashuwa."

Ta tsaya ta karkata kunne ga ƙafar da ke juyi. "Amma kekensa ne."

Sunanta Hajja Yagana. Ta sa aka shimfiɗa masa tabarma, ta ba shi labari ba tare da kuka ba. Ɗanta Alamin yakan raka baƙi masu zuwa kallon tsuntsaye, har wani ya bar masa ƙaramin keke kyauta. Shekarar babbar ambaliya ya fita zai kai 'yarsa Haula wajen dangin uwarta a tudu, tana tsaye a baya ta riƙe kafaɗunsa kamar yadda ta saba. An samu gawarsa a cikin kacalla. Yarinyar ba a same ta ba.

Abdulbaƙi ya gaya mata duk abin da ya faru, har maganar Rahima. Tsohuwar ta ce, "Yanzu tana bayanka?"

Ya saurari jikinsa. Kafaɗunsa sun yi sakayau. "A'a, Hajja. Tun da kika fito."

"To, ta shiga ciki ke nan," in ji ta.

A nan gindin wata bishiya ya ciro sifana ya kwance ƙafar, ya warware wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya sa mata hob ɗin a hannu. Ta ce a biya shi, ya ƙi. Ya saɓa ragowar keken a kafaɗa, ya taka har bakin titi.

Daga baya ya samu hob ɗin wani tsohon keken ɗaukar kaya, ya canza masa sanda da ƙarfe mai kauri, ya yi ta gwaji har ya daina lanƙwasa. Yana da nauyi, yana ƙugi, amma yana aiki. Samarin unguwa suka gani suka fara kawo nasu, har aka san shagonsa da wannan sana'a.

Hajja Yagana ta rasu damina ta gaba. Wani maƙwabcinta ya zo Gashuwa sayar da kifi, ya biyo ta shagon da ƙullin tsumma, ya ce ta bar wasiyya a kawo masa. Abdulbaƙi ya buɗe. Tsatsa ta cinye ƙarfen har ya huje, ya daskare, ko da filaya ba ya motsi. Mutumin ya rantse cewa ana gobe za ta rasu ya gan shi a hannunta, baƙi wuluk, tana murzawa.

Abdulbaƙi ya yi musu addu'a su uku. Ya haƙa rami a bayan shago ya binne shi, ya wanke hannu, ya koma kan ƙofar da wani mai gini ke jira tun safe.