Bayan Takardar Tambayoyi

Hannun malamin da ke tsaron jarabawa kawai na ga ya sauka a kan takardata.

A makarantarmu ta Kalgo ne, an ce mu rubuta insha'i kan noman shinkafa. Minti goma ina kallon farar takarda, ba abin da ya zo mini. Sai na tuna yadda Innata ke tsintar shinkafa a Gwandu: sai ta zube duka a faifai, sannan ta fidda tsakuwa. Na juya bayan takardar tambayoyi, duk abin da ya faɗo mini na rubuta, ba tsari. Na manta shaf an hana rubutu a kanta.

"Ke, mine ne wanga? Satar amsa?"

"Wallahi a'a, Malam. Zubewa nake yi, in tsinci na kirki."

Har na hango kaina a motar gida da akwatina, ban san da wane baki zan gaya wa Baba an kore ni ba.

Malam ya karanta a hankali: "Fadama. Tsuntsaye. Ambaliya. Ciwon bayan Baba. Ya Allah kar in faɗi."

Can ya miƙo mini wata takarda, ya sa hannu a kai.

"Mai sata ba ya rubuta wanga. Zube nan. Kuma da ciwon bayan nan za ki fara."

Da shi na fara. Amma har yau in na tuna hannun nan, gabana sai ya faɗi.

Ku fa, a ina kuke zube naku kafin ku tsince?